Jinjina ga Sadaukan Vancouver, Masu Ƙona Gida Don Ƙaunar Gida

Ranku ya daɗe, mutanen Vancouver, baraden kujera, sadaukan gaban talabijin, zakunan da gurnaninsu ke girgiza kofunan mashaya! Gaishe ku, masu yaƙi ba sulke, masu gumi ba gudu, masu karɓar nasara da maƙogwaro su karɓi shan kaye da ashana. Yau bakina ya buɗe da yabonku, kuma ina neman afuwa tun da wuri, domin duk abin da zan faɗa bai kai rabin abin da kuka aikata ba a watan Yunin 2011, lokacin da ƙungiyarku ta Canucks ta kai karawar ƙarshe ta neman Kofin Stanley, kuka rako ta har bakin ƙofa, sannan kuka cinna wa ƙofar wuta.

Ga mai karatun da Allah bai nufe shi da ganin ƙwallon gorar ƙanƙara ba, bari in ɗan share masa hanya. Fili ne na ruwa da aka daskarar, aka kewaye shi da katanga da gilashi. Mutum shida-shida ke shiga, kowa sanye da takalmi mai bakin wuƙa a ƙasa, riƙe da sanda mai lanƙwasa, suna farautar wani ɗan faifan baƙar roba da bai kai tafin hannu ba, wanda saboda saurinsa yawancin 'yan kallo ba sa ganinsa sai ya riga ya kwanta a raga. Zubi uku ake yi, kowanne minti 20. Wasa ne na masu tarbiyya: idan mutum biyu suka saɓa, sai su zubar da safar hannu su dambace, alƙalan wasa na tsaye suna kallo cikin ladabi har sai ɗaya ya kai ƙasa, sannan a raka kowannensu wani ɗan akurki ya huta na minti 5. Wanda ya shekara goma yana wannan sana'a haƙoransa na gaba suna nan cif, to a binciki himmarsa.

Shi kuwa kofin, Lord Stanley ne, gwamna janar na Kanada, ya ba da kyautarsa a 1892, aka fara ɗaga shi a 1893. A 2011, kafin hannu ya kai gare shi sai ƙungiya ta buga wasa 82 na share fage, sannan ta shiga zagaye huɗu na fid da gwani, a kowanne ta doke abokiyar karawarta sau huɗu. Nasara 16 ke nan. Garuruwa marasa wadatar zuci sun nace sai sun ga kofin a hannunsu. Ku kuwa, manya gatan haƙuri, Allah ya hutar da ku: kuna da katafaren lambun shaƙatawa mai sunan wannan Lord Stanley ɗin, har da mutum-mutuminsa a ciki ya buɗe hannuwa. Wasu sun samu ƙoƙon azurfa, ku kun samu daji guda. Rabon da wata ƙungiyar garinku ta ci kofin tun 1915, shekara guda bayan Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a Najeriya, kuma ita waccan ƙungiyar, Millionaires, ta daɗe da zama tarihi. Canucks ta shiga gasar a 1970, ta kuma kiyaye tsarkin hannunta daga taɓa shi har ta cika shekara 40. Irin wannan kamun kai ba a kowane gida ake samunsa ba.

Ina kuma jinjina ga tutarku, farin tawul. A 1982, ana tsakiyar karawa da Chicago, mai horar da ku Roger Neilson ya gaji da hukuncin alƙalan wasa, sai ya rataya farin tawul a kan sanda ya ɗaga, alamar ya miƙa wuya. Jama'a mai ƙaramar basira da ta ɗauki abin a matsayin raha ta yini guda. Ku kuwa kuka gane cewa wahayi ne. Kuka cika fili da fararen tawul, kuka kaɗa har kuka isa karawar ƙarshe, inda New York Islanders ta lallasa ku sau huɗu a jere, ba tare da kun ɓata mata lokaci da nasara ko ɗaya ba. A 2011, gab da fara wannan yaƙi da muke magana, kuka kafa wa Neilson mutum-mutumi a ƙofar filin wasanku na Rogers Arena, yana ɗage da tawul ɗinsa. A duk tarihin mayaƙa, wace runduna ce ta taɓa fita fagen fama tana kaɗa tutar saranda tun daga gida? Sai ku, masu hangen nesa, masu sanin ƙarshen zance tun ba a buɗe baki ba.

Kada wani mai hassada ya ce ɗan kallo ba ya aikin komai. Wa ya fi shi wahala? 'Yan wasa suna shiga fili na daƙiƙa arba'in ko hamsin su fito su zauna a benci, ana miƙa musu ruwa, ana goge musu gilashin hula, ga albashi na miliyoyi. Shi kuwa magoyin baya, bawan Allah, wata biyu cur yana bakin aiki ba canji ba ko sisi, shi ne ma ke biya. Ya bar gemu ya yi buzu-buzu tun daga watan Afrilu, domin kowa ya san reza ɗaya a haɓar wani direban tasi tana iya karkatar da faifan roba a Chicago. Ya daina wanke rigar ƙungiya, don kada sabulu ya tafi da sa'a. Ya zauna a kujerar da ya zauna ranar da aka ci, ya harɗe ƙafar da ya harɗe, ya hana matarsa shigowa falo saboda ranar da ta shigo aka zura musu. Ga wasu bayin Allah guda biyu da suka rufe jikinsu tun daga kai har ƙafa da koren roba mai manne fata, suka tare a gefen akurkin horo suna tsayuwa da ka suna gwatso, don su karya zuciyar duk ɗan wasan baƙi da aka tura can. Da wannan jihadi aka fitar da Chicago a wasa na bakwai, aka wuce Nashville, aka wuce San Jose. Idan magoyin baya ya ce "mun ci", ba ƙarya ya yi ba. Hasali ma kawaici ya yi da ya saka 'yan wasan a ciki.

Ita kanta ƙungiyar ta taya ku wannan fahimta da takenta mai daɗin ji, wanda aka manna a alluna da motocin haya, cewa dukkanmu Canucks ne. A riƙe wannan take, za mu dawo gare shi.

To, su wane ne 'yan gidan da ake mutuwa dominsu? Nan ne faɗin zuciyarku ya fi bayyana. Kyaftin ɗinku na wancan lokaci Henrik Sedin da ɗan'uwansa Daniel, Hassan da Husaini masu jan gashi, 'yan wani ƙaramin gari ne a Suwidin. Ryan Kesler Ba'amurke ne daga jihar Michigan. Mai tsaron gidanku na lokacin Roberto Luongo ɗan Montreal ne, can ɗaya gefen ƙasar. Mataimakinsa Cory Schneider kuwa a gefen Boston aka haife shi, a Boston ya yi karatu, wato garin maƙiya. A ɗaya ɓangaren, cikin rundunar maƙiyan ta Boston Bruins, akwai wani ƙato mai suna Milan Lucic, haifaffen Vancouver, wanda ya tashi a unguwanninku ya sha ruwan famfonku. Shugaban Bruins ɗin ma, Cam Neely, ɗan lardinku ne na British Columbia. Ƙungiyarku ce ta fara ɗaukarsa, sannan cikin karamcinta ta miƙa shi ga Boston a 1986, inda ya zama gagarabadau. Ƙananan mutane kan so ɗan unguwa saboda ɗan unguwa ne. Ku kun wuce nan. Kun gane cewa zumunci a riga yake: wanda ya sa shuɗiya mai hoton kifin teku ɗan'uwa ne ko da jiya ya sauka daga jirgi, wanda ya sa baƙa da ruwan ɗorawa maƙiyi ne ko da tare aka yanke muku cibi.

Shekarar kuwa taku ce, duk alamu sun nuna. Kun gama share fage a saman kowa da maki 117. Daniel ya fi kowa maki a gasar, kamar yadda Henrik ya yi a shekarar da ta gabata. A wannan filin naku ne kuma, a watan Fabrairun 2010, Kanada ta doke Amurka ta ci zinaren gasar Olamfik, Luongo na tsaron gida. Saura kawai a je a karɓo kofi, kamar mai zuwa ɗauko ajiya.

Wasan farko, ranar 1 ga Yuni, kuka ci 1 da nema, ana saura daƙiƙa 18 da 'yan kai a tashi. A wannan daren ne gwarzonku Alex Burrows, kura mai ban tsoro, ya nuna wa duniya cewa sanda da takalmi ba su ne kaɗai makaman namiji ba. Ana cikin cakumar juna, yatsan Patrice Bergeron na Boston ya ɓata hanya ya shiga bakinsa, shi kuma ya yi abin da kowane mai haƙori zai yi wa baƙon da bai yi sallama ba. Hukumar gasa ta duba hotuna ta ce ba ta ga hujjar cewa da gangan ne ba. Ku ma kuka duba, da idon basira, kuka gano cewa yatsan ne ya kai wa haƙoran hari. A wasa na biyu shi wannan Burrows ɗin ya zura ta raba gardama daƙiƙa 11 da shiga ƙarin lokaci, 3 da 2. Gari ya ɗauka. Aka fara tambayar ta wace hanya za a bi da kofi ranar zagayen gari.

Sai aka tafi Boston, tafiyar kilomita kusan 4,000. A nan ne 'yan wasanku suka nuna irin tarbiyyar da suka samu a gida, ta baƙon kirki da ba ya kunyata mai masauki. Wasa na uku, 8 da 1. Takwas, ranku ya daɗe, kuma duk takwas ɗin Luongo ya tsaya ya karɓe su da kansa, bai bar wa wani ko ɗaya ba. Ɗan bayanku Aaron Rome ya bangaje Nathan Horton na Boston bayan ya riga ya rabu da faifan, aka fitar da Horton a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, aka dakatar da Rome wasa huɗu, kuka yi ta mamakin irin zaluncin da ake wa mutanen kirki. Wasa na huɗu, 4 da nema. Aka dawo gida kuka ci na biyar 1 da nema, sai Luongo, dokin mai baki, ya shaida wa 'yan jarida cewa ƙwallon da ta wuce takwaransa na Boston, Tim Thomas, da shi ne da cikin sauƙi zai tare ta. Ya kuma koka cewa shi yana ta yabon Thomas amma bai ji Thomas ya rama masa yabon ba. Wannan ita ce damuwar da ta dace da babban mutum ana saura nasara ɗaya a ɗauki kofi. A wasa na shida Boston ta zura huɗu cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙu, aka janye Luongo ya koma benci tun zubin farko, don ya samu natsuwar jiran yabon. A daren ne kuma Brad Marchand, ɗan guntun Boston, ya riƙe rigar Daniel Sedin yana ɗirka masa naushi a fuska ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa Daniel, sarkin haƙuri, yana tsaye yana jiran alƙali.

Dole in dakata a kan ƙaunar da kuke wa Luongo, don ban taɓa ganin irinta ba. Mutumin da ƙungiyarku ta ɗaure da kwantiragin shekara 12 a kan dala miliyan 64, idan ya tare ƙwallo sai fili ya ɗauki "Luuu". Idan ta wuce shi sai fili ya ɗauki ihun tsiya irin na Turawa, wanda a kunne ba shi da maraba da na farkon. Sauti ɗaya, aiki biyu. Ranar Laraba waliyyi ne, ranar Litinin a sayar da shi ko a kan kuɗin mota, ranar Juma'a ya koma waliyyi. Masoya na yau da kullum sukan gaji mutum da tsayawa a kan ra'ayi guda. Ku kun ba shi damar ɗanɗana aljanna da wuta sau bakwai cikin mako biyu.

Ranar Laraba, 15 ga Yuni, wasa na bakwai, a gida. Hukumomin birni, masu son jama'a, suka toshe manyan tituna suka kafa maka-makan allunan kallo a kan titin Georgia, suka ce kowa ya zo. Kowa kuwa ya zo. Masu bincike daga baya sun ƙiyasta mutum 155,000 a tsakiyar gari, ga 'yan sanda 446 da aka tanada don yi musu barka da zuwa. Wani mai raunin imani zai tuna cewa ranar 14 ga Yunin 1994, da New York Rangers ta doke ku a wasa na bakwai, an farfasa titin Robson an sha barkonon tsohuwa. Amma shugabanninku ba masu riƙon abin da ya wuce ba ne. Shekara 17 da kwana ɗaya ai ta isa a yafe wa tarihi. An dai yi dabarar rufe shagunan giya na tsakiyar gari da wuri, ku kuma, masu biyayya ga doka, kuka girmama wannan umarni ta hanyar saye tun da hantsi da shanyewa a cikin jirgin ƙasa, yadda kowa ya iso da tasa a cikin ciki, inda babu ɗan sandan da zai iya ƙwacewa.

Aka take wasa da ƙarfe biyar na yamma. Bergeron, mai cizajjen yatsa, ya zura biyu. Marchand, mai naushi, ya zura biyu. Thomas, ɗan shekara 37 da ba ya yabon kowa, ya hana ko ɗaya wucewa. Huɗu da nema. Idan aka haɗa wasanni bakwai, Boston ta zura 23, ku kun zura 8, kuma da waɗannan takwas ɗin kuka ci wasa uku. A nuna mini wata al'umma da ta iya tattali haka. Kyaftin ɗin Boston, Zdeno Chara, dogon da ya haura mita biyu, ya ɗaga kofin a tsakiyar filinku, karo na farko da garinsu ya gan shi tun 1972, waɗanda ke cikin fili kuma suka yi wa shugaban gasar, Gary Bettman, ihun da aka saba. 'Yan wasa suka yi layi suka gaisa hannu da hannu, wanda aka ciza da wanda ya yi cizon, kowa ya nufi wanka. Su ma'aikata ne, an tashi aiki. Ɗaukar fansa sai masu gari.

Kuma kun ɗauka, Allah ya ja zamaninku! Masu karin magana suna zargin wanda ya bar jaki yana dukan taiki, don ba su san cewa jakin yana da 'yan rakiya kuma jirginsa na jira ba. Ku kun zurfafa bincike kun gano ainihin masu laifi. Ta farko ita ce wata mota da ke ajiye a gaban babban gidan waya, wadda tun da aka fara wasa ba ta yi ihu ko sau ɗaya ba. Aka kifar da ita, aka cinna mata wuta, rana ba ta ma faɗi ba. Sai bandakunan tafi-da-gidanka, su ma aka tuntsurar da su, suka amayar da sirrinsu a kan kwalta. Sai motocin 'yan sanda, waɗanda da harajinku aka saye su, don haka babu mai ikon hana ku ƙona kayanku. Motoci fiye da goma suka amsa laifinsu a daren. Sai gilasan babban kantin Hudson's Bay, waɗanda suka yi shekaru suna kallon titi ba tare da sun tare ƙwallo ko ɗaya ba. Da gilashi ya faɗi, sai ga jakunkunan mata masu tsada a zaune babu mai kula da su cikin wannan hatsari, kuka ɗauke su zuwa wuri mai aminci. A kantin London Drugs ma'aikata suka kulle kansu a wani ɗaki don kada su tsaya muku a hanya, kuka yi ta'aziyyar ƙungiya da turare da kayan kwalliya da na'urori. Baƙin ciki iri-iri ne: wani sai ya yi kuka yake samun sauƙi, wani sai ya rungumi kwamfuta sabuwa a kwali.

An samu 'yan tsirarun marasa kishi da suka tsaya a gaban shaguna suna cewa a bari, wannan garinmu ne. Aka yi wa wasunsu bayani da hannu da ƙafa har suka fahimta a kwance. Masu kallon wasan kwaikwayo a gidan wasa na Queen Elizabeth, waɗanda suka zaɓi waƙa da rawa a daren da ƙasa ke cikin yaƙi, aka tsare su a ciki, suka samu ƙarin shiri kyauta ta taga. Aƙalla mutum 140 suka ji rauni. Abin da ya fi burge ni shi ne adalcinku ga baƙo: a duk wannan dare, ko gilashi ɗaya na birnin Boston ba ku fasa ba. Sun ci ku, kun rama a kan kanku. Birnin da mujallun duniya suka yi shekaru suna sa shi a sahun farko na wuraren da suka fi daɗin zama ya tabbatar cewa ko tarzoma ce, a gida ta fi daɗi.

Ga kuma gaskiya da riƙon amana. Ɓarawon da ba shi da asali yakan rufe fuska ya bi duhu. Ku kuwa, 'ya'yan manyan gida, kuka tsaya a gaban motar da ke ci da wuta, kuka ɗaga hannu, kuka yi murmushi, aboki ya ɗauka, ku ma kuka ɗauke shi. Wani ya hau kan mota yana kirari da sunan gwaninsa a rubuce a bayan riga. Wani yana cusa tsumma a bakin tankin motar 'yan sanda, fuskarsa tar kamar hoton fasfo. Waɗanda ba su jefa komai ba suka yi da'ira suka ɗaga wayoyi sama, don kada jarumai su rasa 'yan kallo. Kafin gari ya waye wasu sun hau Facebook sun ba da cikakken rahoton abin da hannunsu ya yi, da sunansu da na makarantarsu. Tun da aka kafa aikin ɗan sanda ba a taɓa samun jama'a mai ba da haɗin kai irin wannan ba. Bidiyon ya yi yawan da sai da aka kwashe shi zuwa wani ɗakin bincike a Indianapolis ta Amurka kafin a iya tantance shi. Har soyayya ba a bari a baya ba: hoton da ya fi zagaya duniya daga daren shi ne na saurayi da budurwa kwance a tsakiyar titi, ga ɗan sandan kwantar da tarzoma a gaba.

Da safe sai babbar karama ta bayyana, wadda ta fi duk na daren. Aka nemi waɗanda suka yi abin aka rasa. Magajin gari Gregor Robertson ya ce 'yan tsirarun ɓata-gari ne. Shugaban 'yan sanda Jim Chu ya ce miyagu ne da 'yan a-fasa-kowa-ya-rasa da suka ɓad da kama cikin rigar magoya baya. Jama'a suka amsa baki ɗaya: waɗannan ba magoya baya na gaskiya ba ne, ba ma 'yan Vancouver ba ne, daga garuruwan gefe jirgi ya kwaso su. Dubi ikon Allah! Da ƙarfe biyar na yammacin Laraba dukkanmu Canucks ne, har da na gefe da na ƙauye da jaririn da ke goye. Da ƙarfe takwas ba a san ko ɗan wane ne ba. Rigar da jiya ta mai da ɗan Suwidin ɗan gari, yau ta zama kayan ɓad da kama, wanda miyagu suka sayo da tsada, suka sa tun watan Afrilu, suka bar gemu a kanta, duk don su yaudari hukuma.

Sai magoya baya na gaskiya suka fito da tsintsiya da buhunan shara, suka share titi, aka ɗauke su hoto. Katakan da aka toshe tagogin Hudson's Bay da su suka zama allon tuba, aka cika su da rubutun ban-haƙuri da zanen zuciya da shaidar cewa wannan ba halinmu ba ne, har gidan tarihi ya adana wasu don jikoki su ga yadda kakanninsu suka iya nadama a madadin wasu. Waɗanda tsintsiya ba ta ishe su ba suka koma intanet suka buɗe farauta, suna liƙa hotuna, suna tono sunaye da adireshi da wuraren aiki, ana kiran iyaye a waya ana zagi, ana korar mutane daga aiki tun alƙali bai zauna ba. Taron da ya yi tir da taron jiya ya nuna cewa shi na daban ne, domin shi a zaune yake yin nasa jifan.

Shari'a ta ɗauki shekaru, cikin natsuwar da ta dace da babban al'amari. Aka gurfanar da mutum 300 a kan tuhuma 912, kusan dukkansu suka amsa ko aka same su da laifi. Da aka duba su sai ga ɗalibai da ma'aikata da 'ya'yan mutunci, mafi yawansu ba su taɓa shiga hannun hukuma ba, wanda ke nuna zurfin makircin: sun yi shekara ashirin suna zaman mutanen kirki don kawai su samu wannan dare guda. Ɓarnar ta tasam ma dala miliyan 4 ta Kanada, kuɗin gurfanarwa kuma ya doshi miliyan 5, don ku ba a san ku da yin abu rabi da rabi ba.

Kuma addu'ar mai haƙuri ba ta faɗuwa ƙasa. Al'adar gasar ce kowane ɗan wasan da ya ci kofi a ba shi shi na yini guda ya kai garinsu. A bazarar nan ta 2011, bayan an share gilasai an sauya tagogi, Kofin Stanley ya sauka a Vancouver kamar yadda kuka yi wata biyu kuna roƙo da gemu da tawul da rigar da ba a wanke ba. Ɗanku na cikinku ya kawo shi, Milan Lucic na Boston, ya hau da shi kan dutsen Grouse, ya ɗaga shi sama inda duk birnin ke shimfiɗe a ƙasa, da lambun Lord Stanley, da filin wasa, da mutum-mutumin nan na bakin ƙofa riƙe da farin tawul.